Wiliyam Shekisfiya Da Wasanninsa Na Baƙin Ciki

Duk wanda ya zauna ajin sakandare ko na kwalejin horon malamai a ƙasar nan, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Wiliyam Shekisfiya ba. Amma galibi abin da mutum kan tuna game da shi bai wuce wuyar Ingilishinsa da fargabar jarrabawa ba. An haddace, an rubuta, an jefa littafi cikin akwati. Wannan kuwa hasara ce, domin mutumin nan ya yi zurfi cikin al'amarin sarauta da fadanci da aikin takarda, zurfin da ɗan shekara goma sha shida ba zai iya kai wa gare shi ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu, musamman malaman makaranta da malaman ofis na ƙasar Gobir, tun daga Sabon Birni da Isa har Tsamaye, labarin rayuwarsa a taƙaice, da na wasanninsa biyar na baƙin ciki. Abin da mu ke so a lura da shi cikinsu shi ne, kowane babban mutum da ya halaka a ciki, ta kunnensa halakar ta shiga.

Asalinsa

An haife shi a wani ɗan gari mai suna Sitiratfod, a bakin kogin Abon, tafiyar kamar mil 100 daga Landan. Littafin cocin garin ya nuna an yi masa baftisma ran 26 ga Afril, 1564. Ubansa Jon baduku ne, mai ɗinka safar hannu ta fata, yana kuma taɓa cinikin ulu. Ya sami ɗaukaka har ya zama shugaban majalisar garin cikin 1568. Bayan 'yan shekaru bashi ya kama shi, ya daina zuwa zaman majalisa, har aka ba wani kujerarsa. Watau tun yana yaro Wiliyam ya ga yadda girma kan shigo gida, ya kuma ga yadda ya kan fita.

Garin yana da makaranta inda a ke koyar da nahawun Latin da labarun Rumawa, masana kuwa sun tafi a kan nan ya yi karatunsa. Bai shiga jami'a ba. Cikin 1582, yana da shekara 18, ya auri An Hatawe, wadda ta girme shi da shekara takwas. Suka haifi 'ya mace cikin 1583, da tagwaye cikin 1585. Namijin tagwayen, Hamnet, ya rasu cikin 1596 yana ɗan shekara goma sha ɗaya, shi ke nan kuwa ɗansa namiji.

Zamansa A Landan

Kafin shekara ta 1592 ya riga ya koma Landan, yana wasan kwaikwayo yana kuma rubuta wasanni. Sunansa ya fito har wani marubuci mai ilmin jami'a, Robat Girin, ya yi masa habaici a rubuce, don yana ganin ɗan wasan da bai yi karatu mai zurfi ba ya shigo musu fage. Cikin 1594 ya zama ɗaya daga cikin masu rabo a wata ƙungiyar 'yan wasa, cikin 1599 kuma suka gina gidan wasansu mai suna Gulob a kudancin kogin Tems. Ginin katako ne, kewayayye, tsakiyarsa a buɗe, rumfunan gefe an yi musu jinka. Yana ɗaukar mutum wajen 3,000. Talaka ya kan biya kwabo ɗaya ya tsaya gaban dandali, mai hali ya ƙara kuɗi ya zauna cikin rumfa. Da rana a ke wasa, mata kuwa ba su hawa dandali, samari ne kan yi shigarsu. Kwaikwayon manya ba baƙon abu ba ne gare mu, domin a wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, a tashe kuma yara kan kwaikwayi halayen mutanen gari. Bambancin shi ne nasu a rubuce ya ke, kuma sana'a ce ta cin abinci.

Zamanin kuwa na ɗar-ɗar ne. Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ta tsufa, ba ta da ɗa, ta kuma ƙi faɗin magajinta, fada ta cika da 'yan leƙen asiri. Cikin Fabrairu, 1601, mutanen wani babban bafade, Sarkin Eseks, suka ba ƙungiyar su Shekisfiya ƙarin sule arba'in don su yi wasan da a ke tuɓe sarki a cikinsa. Kashegari Eseks ya yi tawaye, aka kama shi, aka sare kansa kafin watan ya ƙare. 'Yan wasan sun kuɓuta bayan an yi wa ɗayansu tambayoyi. Cikin 1603 Sarki Jemis ya hau gado, ya mai da ƙungiyar tasa. Cikin Nuwamba, 1605, waɗansu suka jibge gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar ƙasa don su tashi sarki da manyansa gaba ɗaya, sai wata wasiƙa marar sa hannu ta tona asirinsu. A cikin wannan hali ne, tsakanin 1599 da 1606, ya rubuta wasannin nan biyar.

Ya yi arziki, ya sayi ɗaya daga cikin manyan gidajen garinsu tun 1597. Gidan wasan Gulob ya ƙone cikin Yuni, 1613, sa'ad da wutar igwar da aka harba cikin wasa ta kama jinka. Shi kuma ya rasu a Sitiratfod ran 23 ga Afril, 1616, yana da shekara 52. Cikin 1623 abokan sana'arsa biyu, Jon Heminjis da Henri Kondel, suka tara wasanninsa 36 suka buga cikin littafi guda. Goma sha takwas daga ciki ba a taɓa buga su ba sai a lokacin, har da Makbes da Juliyas Kaisar. Ba don amanar mutanen nan biyu ba, da sun salwanta.

Wasannin Biyar

Abin da a ke nufi da wasan baƙin ciki shi ne wasan da a ke nuna mutum mai daraja, mai halayen yabo, amma da wata ɓaraka a zuciyarsa, har ɓarakar nan ta kai shi kabari, ta kuma ja waɗanda ba su ji ba su gani ba. Mutanenmu sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, a wasannin Shekisfiya ƙadangaren magana ce.

A wasan Hamlet ya nuna abin ƙuru-ƙuru. Sarkin Danmak yana barci cikin lambu, ƙanensa Kuladiyas ya zuba masa dafi a kunne, ya hau gadonsa, ya auri matarsa, aka gaya wa jama'a maciji ne ya sare shi. Fatalwar mamacin ta bayyana ga ɗansa Hamlet ta faɗa masa gaskiya. Hamlet bai yarda nan da nan ba, sai da ya sa 'yan wasa suka kwaikwayi kisan a gaban sarki, ya ga ya firgita. Amma mutumin da ya yi wannan bincike duka, da ya ji motsi bayan labule sai ya soka takobi bai duba ba, ashe waziri Poloniyas ne ya laɓe yana saurare. Daga nan Kuladiyas ya sami ɗan wazirin, ya hure masa kunne, suka shirya takobi mai dafi. Kafin a tashi, sarki da sarauniya da Hamlet da ɗan waziri duk sun mutu, mulki ya koma hannun yariman wata ƙasa.

Otelo kuwa mutumin Magrib ne, baƙar fata, sarkin yaƙin birnin Banis. Ya auri Dasdimona, 'yar wani babban ɗan majalisa, ba da sanin ubanta ba. Ya ba Kasiyo muƙamin mataimakinsa, ya tsallake Yago, wanda ke ganin shi ya cancanta. Masu aikin ofis sun san irin ƙullin da wannan kan haifar. Yago bai taɓa zuwa da ƙara sosai ba. Sai dai ya yi tambaya ya yi shiru, ya fara magana ya fasa, har Otelo da kansa ya matsa masa ya faɗi. Da ya nemi shaida, Yago ya sa aka ga adikon matar a hannun Kasiyo. Mu kan ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya riga ya shirya abin da ido zai gani. A daren ƙarshe matar ta roƙi mijinta ya aika a kira Kasiyo a tambaye shi, amma ya riga ya ba da umarnin a kashe shi. Ya shaƙe ta a kan gado. Da matar Yago ta tona gaskiya, ya kashe kansa. Ɓarakar Otelo ita ce, yana baƙo cikin Turawa, bai taɓa sakankancewa cewa ana sonsa don kansa ba.

Sarki Liya tsoho ne, ya haura tamanin. Ya tara 'ya'yansa mata uku zai raba musu ƙasa, ya ce kowace ta faɗi iyakar son da ta ke masa. Manyan biyu suka zuba zaƙin baki, ƙaramar, Kodeliya, ta ƙi yin fadanci, ya kore ta ba ko taƙi. Bafadensa Kent ya gaya masa ya yi kuskure, shi ma ya kore shi. Ba a daɗe ba manyan suka rage masa barori daga ɗari har suka ce ko ɗaya ba ya bukata, ya fita cikin hadari ya haukace. A gefe guda kuma wani hakimi, Gulosta, ɗansa na waje ya nuna masa wasiƙar jabu, wai ɗansa na halal yana shirin kashe shi. Ya gaskata bai ko kira yaron ba, ƙarshensa aka ƙwaƙule masa idanu. Kodeliya ta dawo ta ceci ubanta, aka kama su, aka rataye ta a kurkuku bisa umarnin wata 'yar takarda, saƙon fasawa kuwa ya iso a makare.

Makbes jarumi ne na ƙasar Sikotlan. Yana dawowa daga yaƙi da abokinsa Banko, sai waɗansu mayu uku mata suka tare su, suka ce zai sami ƙarin sarauta, sa'an nan zai zama sarki. Kunne huɗu suka ji maganar nan. Banko ya gargaɗe shi cewa shaiɗanu kan faɗi ƙaramar gaskiya don su kai mutum ga babbar halaka. Makbes kuwa, da yake kwaɗayin yana zuciyarsa tun da fari, sai ya rubuta wa matarsa, ita kuma ta yi ta zuga shi har ya yanka Sarki Dankan, wanda ya sauka gidansa baƙunci. Jini ya kira jini. Ya sa aka kashe Banko, ya sa aka kashe matar Makdaf da 'ya'yanta, ƙasa ta cika da marayu, masu iya gudu suka ƙetare iyaka. Mayun suka ƙara masa da cewa wanda mace ta haifa ba zai cuce shi ba, kuma ba za a ci shi ba sai wani kurmi ya taso zuwa gidansa. Sai ga mayaƙa sun saro rassan kurmin sun fake da su suna tafe, ga Makdaf kuma wanda aka tsaga cikin uwarsa aka ciro shi. Makbes na tarihi ya yi sarauta daga 1040 zuwa 1057, a fagen fama kuma ya kashe Dankan. Shekisfiya ya ɗauko labarin daga littafin tarihi na Holinshed, ya sāke shi yadda zai dace da abin da ya ke so ya nuna.

Na biyar, Juliyas Kaisar, shi ya fi shafar ma'aikatan takarda. Burutus mutumin kirki ne, aminin Kaisar, amma yana tsoron kada Kaisar ya mai da kansa sarki. Kasiyas ya gane haka, ya rubuta wasiƙu da rubutu iri iri, kamar daga talakawa dabam dabam suka fito, ya sa aka jefa masa ta taga. Burutus ya karanta ya zaci muryar Ruma ce. Ranar da za a yi kisan, matar Kaisar ta yi mummunan mafarki ta hana shi fita, ɗaya daga cikin maƙarƙatan ya zo ya fassara mafarkin da alheri, ya fita. A hanya wani malami ya miƙa masa takarda mai sunayen maƙarƙatan duka, ya roƙe shi ya karanta nan take, Kaisar ya bar ta sai daga baya. Takardun ƙarya an karanta su, ta gaskiya ba a buɗe ta ba. Bayan kisan Burutus ya yi wa jama'a jawabi suka yi masa tafi, Antoni ya yi nasa suka juya suka ɗauki wuta. A kan hanya suka gamu da wani mawaƙi mai suna Sinna, sunan ɗaya daga cikin maƙarƙatan. Ya yi ta faɗi shi mawaƙi ne, ba wancan Sinna ba, ba su saurara ba, suka kashe shi. Ashe taron jama'a ma yana da kunne, ya kuma fi na sarki saurin huruwa.

Ina Ruwan Bagobiri?

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bagobiri da sarakunan Danmak da Sikotlan? To, da farko sunan Gobir ya isa Landan tun Shekisfiya yana da rai. Cikin 1600 wani mai suna Jon Pori ya buga fassarar Ingilishi ta littafin Alhasan Alwazzan, malamin birnin Fas wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka. A ciki an ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara, an kuma ambaci Gobir da yawan dabbobinta, da dukawanta masu ɗinka takalman da a ke kai wa Tumbuktu da Gawo. Cikin shekarar nan kuma jakadan Sarkin Maroko Ahmad Almansur ya yi watanni a Landan. Masana da yawa suna ganin waɗannan biyu sun taimaka wajen fito da siffar Otelo.

Na biyu, kufan Alƙalawa yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. Wajen shekara ta 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya gana da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Magami ranar Babbar Salla, ya ji bukatunsa biyar daga bakinsa, ya amince. Bayan Bawa jama'ar Shehu ta ƙara yawa, ta fara tanadin makamai, fada ta tsorata. Marubutan tarihin jihadi sun ce malaman fada da masu kai gulma sun yi ta rura wutar wannan tsoro. Nafata ya kafa dokokin takura wa jama'ar, zamanin Yunfa aka kai ga hijira zuwa Gudu cikin Fabrairu, 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto cikin Yuni na shekarar, har Alƙalawa ta faɗi cikin 1808, Yunfa ya mutu a ciki. Gobirawa suka watsu, daga baya aka kafa Tsibiri da Sabon Birni. Dalilan wannan babban al'amari suna da yawa, Gobirawa kuma suna da nasu labarin. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, a Magami baki da baki aka yi magana, shekara ashirin bayan haka kuwa, da magana ta koma bin ta bakin 'yan tsakani, birni ya zama kufai.

Na uku shi ne halin da a ke ciki. Shekarun nan ƙasar Sabon Birni da Isa tana fama da 'yan bindiga, ƙauyuka sun tashi, mutane da yawa sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi. Lalle akwai masu kai wa ɓarayi labari, laifinsu kuwa babba ne. Amma inda tsoro ya yi yawa, nan mai tsohuwar gaba kan gona ko kan aure ko kan sarauta ke samun dama. Ya isa ya ce an ga wane ya shiga daji da yamma. Kasiyas sai da ya sāke rubutu ya bi dare zuwa taga, na yanzu kuwa saƙon murya guda cikin wayar hannu ya ishe shi, kafin la'asar ya kewaye kasuwa. Wanda aka ambata, ko don ƙabilarsa ko don sunansa ya yi kama da na wani, ya kan tsinci kansa a matsayin Sinna mawaƙi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Malamin ofis shi ne kunnen na gaba da shi. Hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ba ya iya zuwa kowane ƙauye, abin da aka rubuto masa shi zai yi aiki da shi. Saboda haka in za ka rubuta rahoto, ka raba abin da ka gani da idonka da abin da aka gaya maka, ka kuma faɗi wanda ya gaya maka. Takardar ƙara marar sa hannu a bincike ta kafin a yi hukunci da ita, domin irinta ce ta ceci majalisar Ingila, irinta ce kuma ta ɓatar da Burutus. Takarda mai ɗaci kada a tura ta ƙarƙashin fayil don gudun ɓacin ran maigida. Wanda aka kawo ƙararsa a kira shi a ji ta bakinsa. Wannan ba sabon ilmi ba ne ga Musulmi, Suratul Hujurati ta riga ta umarce mu da bincika labari kafin mu auka wa mutane cikin rashin sani.

Malaman makaranta kuma, shawararmu ita ce kada a fara da haddar Ingilishi. A ba yara labarin da Hausa tukuna, a raba musu sunaye, su tashi su kwaikwaya a filin makaranta, domin don dandali aka rubuta shi. Juliyas Nyerere na Tanganyika ya juya Juliyas Kaisar zuwa Suwahili cikin 1963, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya juya ɗaya daga cikin wasannin ban dariya zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu cikin 1971, saboda haka hanya a buɗe ta ke. A duk inda wani ya kawo wa wani magana cikin wasan, malami ya tsai da yara ya tambaye su: wa ya faɗa masa, me mai faɗin zai samu, wa kuma ya kamata a kira a tambaya? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi a aji, in Allah ya so zai yi su ranar da aka kawo masa sunan maƙwabcinsa.

Allah ya kiyashe mu da sharrin mai kawo magana, ya kiyashe mu da gaggawar karɓarta, ya mai da zaman lafiya ƙasar Gobir. Amin.